Jakar iska na ɗaga bayan a-kori-kura, amma lodin yana nan inda yake

Ka maƙala ƙaramar tirela a ƙugiyar bayan a-kori-kura, ka ja gefe ka duba. Bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga, tazarar da ke tsakanin taya da bakin bodi ta ragu da yatsu uku ko huɗu. Da dare fitilunka suna haska idon mai tahowa maimakon kwalta, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, duk ramin da ka faɗa sai ka ji aksul ya daki robar tsayawa, wadda ke hana shi bugun shasi, gum. Saboda wannan zaman ne mutane ke sayen jakar iska.

Ba jakar nan da ke fitowa daga sitiyari ranar haɗari ake nufi ba. Wannan roba ce mai kauri da aka saƙa wa zare a ciki kamar taya, siffarta kamar ƙananan kabewa biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya. Ana ɗaura ta tsakanin shasi da aksul na baya, ɗaya dama ɗaya hagu, ta kama wa sifirin aiki. A Amurka, inda jan tirelar zango da jirgin ruwa da ta dawakai ya zama ruwan dare, sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin masu a-kori-kura irin F-150 da Silverado da Tundra: Air Lift da Firestone. Samfurin LoadLifter 5000 na Air Lift da Ride-Rite na Firestone an yi su ne don motoci masu sifirin falle-falle, suna aiki tsakanin psi 5 zuwa 100 (psi shi ne ma'aunin matsin iska, irin na taya). Motar da sifirin bayanta naɗaɗɗe ne, kamar Ram 1500, akwai wadda ake cusawa cikin naɗin, irin Air Lift 1000, ita kuma iyakarta psi 35 ne kawai. Ana samun na Hilux da Ranger ma, kuma dokar aikinsu duk ɗaya ce.

Lambar 5000 ɗin nan ita ce ke ruɗin jama'a. Ma'anarta jakunkunan biyu za su iya tallafar nauyin da ya kai fam 5,000, wato wajen kilo 2,270, idan an cika su. Ba ta ce motarka ta sami ƙarin kilo ko ɗaya ba. Buɗe ƙofar direba ka dubi takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ko farantin da ke ɗauke da lambar shasi. GVWR shi ne iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da mutane da kaya da mai. GAWR kuma iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Waɗannan lambobi sun fito ne daga ƙarfin shasi, da boris, da birki, da taya, kuma jakar iska ba ta taɓa ko ɗaya cikinsu ba. Su kansu kamfanonin sun rubuta haka a littafin ɗauri. A ganina babban haɗarin jakar shi ne tana ɓoye alama. Da, zaman baya ne ke faɗa wa direba cewa lodi ya yi yawa. Yanzu motar ta miƙe tsaf, ido ya gamsu, boris kuwa yana can yana cin wuta.

A zauna a yi lissafi, domin a nan maganar take. Tirelar da ake ja da ƙugiyar baya, a ƙa'idar Amurka, ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka kan ƙugiyar. Idan ya gaza haka, tirelar kan fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗan taka. Ke nan tirela mai kilo 2,500 za ta ɗora kamar kilo 300 a ƙugiya. Amma ƙugiyar ba kan aksul take ba, tana can bayansa. Mu ce tazarar tayar gaba da ta baya mita 3 ce, wanda ya yi kusa da na Hilux mai ƙofa huɗu, daga aksul zuwa ƙugiya kuma mita 1.2. Aksul na baya ya zama tsakiyar lilo: ka danna baya, gaba ya tashi. Ka ninka 300 da 1.2 ka raba da 3, ka sami kilo 120. Wannan kilo 120 an zare shi daga tayoyin gaba, ya koma baya. Aksul na baya yanzu yana ɗauke da ƙarin kilo 420, ba 300 ba.

To, hura jakar har motar ta miƙe. Ka hau da ita kan sikeli. Gaba bai dawo da kilo 120 ɗinsa ba, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Jakar tana zaune ne a kan tsakiyar lilon, ba ta da hannun da za ta danna gaba. Fitila ta daidaita, an daina dukan robar tsayawa, tangal-tangal a kwana ya ragu, duk wannan riba ce ta gaske. Amma tayoyin da ke juya motar, waɗanda kuma su ke yin mafi yawan aikin birki, har yanzu ba su riƙe ƙasa kamar da ba. Abin da ke mayar da nauyi gaba shi ne ƙugiya mai rarraba nauyi, wadda ke da sanduna biyu na ƙarfe da ake ɗaurewa a wuyan tirela. Idan za a haɗa biyun, a fara hura jakar gwargwadon kayan da ke bodi, sannan a saita sandunan. Wanda ya saita sanduna tukuna ya zo ya ƙara iska daga baya, ya sassauta su ke nan bai sani ba. A kuma duba littafin motar, don ba kowace ƙugiya aka yarda a sa mata sandunan ba.

Kilo 300 ɗin nan kuma daga cikin kason lodin motar ake cire shi. Motar da aka ba ta kusan tan ɗaya, ka ɗauki mutum biyar, ka maƙala tirela, abin da ya rage wa bodi bai wuce kilo ɗari uku da 'yan kai ba.

Wajen ɗauri, aikin bai fi awa biyu zuwa uku ba ga makaniken da ya karanta takardar. Kafin a taɓa sifana, a tsayar da motar babu kaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a duk kusurwa huɗu, a rubuta. Wannan awon shi ne madubin duk abin da zai biyo baya. A yawancin motoci ana cire robar tsayawa, ƙarfen riƙo na sama ya hau gurbinta, na ƙasa ya zauna kan aksul ko kan sifirin. Jakar ta tsaya a miƙe, kada ta karkace, kuma a bar mata sarari aƙalla rabin inci ta kowane gefe idan ta kumbura. Bututun birki, wayar birkin hannu, kan noti, duk abin da ya goge ta sau dubu zai huda ta. Ɓangaren da ke kusa da salansa a sa masa farantin kare zafi da ya zo cikin kwalin. Kada a bar mai walda ya taɓa shasi, kada kuma a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa. Tsagewa daga nan take farawa.

Tiyon iskar siriri ne, kwata na inci, ana tura shi cikin mahaɗi ya kama da kansa. Mafi yawan yoyo daga yankansa yake. A yanke shi da sabuwar reza, a miƙe ɗoɗar. Filaya ko almakashi na matse bakin ya zama ƙwai, robar da ke cikin mahaɗin ba za ta rufe shi ba. A bi da shi jikin shasi nesa da salansa da kamar inci shida, a ɗaure, a bar masa ɗan sassauci kusa da jakar.

Sai tambayar bawul ɗaya ko biyu. Haɗa jakunkunan da mahaɗi mai baki uku ya fi sauƙin hurawa, amma idan motar ta sha kwana, jakar da aka danne za ta tura iskarta zuwa ɗayar, ta ƙara ɗaga gefen da ya riga ya ɗaga. Ga mota mai dogon kaya, tankin ruwa ko janareta da ya fi nauyi a gefe guda, kowace jaka ta sami tiyonta da bawul ɗinta. Ni dai ban ga dalilin haɗawa ba ko da tirela kawai ake ja.

An gama, a hura psi 30, a fesa ruwan sabulu a kowane mahaɗi da bakin bawul, a nemi kumfa. A bar ta ta kwana. Raguwar psi 2 zuwa 4 a daren farko ba komai ba ne. Idan ta wuce 5, akwai yoyo. Bayan tafiyar farko da kaya a sake bin notuna.

Nawa za a hura? Babu lamba guda. A ɗora kaya, a maƙala tirela, a riƙa ƙara psi 5 ana aunawa da tef, har bayan ya dawo kusa da awon da aka rubuta, ko ya gaza shi da ɗan yatsa guda. Kada ya wuce. Sifirin shi ne uban aiki, dole a bar shi ya ji nauyi. Cikin jakar ƙarami ne, kwamfuresan mai faci zai cika ta fal cikin 'yan daƙiƙoƙi, don haka famfon keke da geji mai kyau sun fi. Kuma geji zai nuna lamba mafi girma bayan an ɗora kaya fiye da wadda aka hura babu kaya, iyakar psi 100 kuwa da kayan ake ƙirga ta. Idan an sauke, a sace iskar zuwa psi 5. Ba sifili ba: jakar da babu iska tana naɗewa, ta cije kanta tsakanin ƙarafa. Wadda aka bari da psi 50 babu kaya kuma, bayan motar zai riƙa tsalle a gargada, tayoyin baya su rasa riƙo a kan tsakuwa.

Abubuwa biyu sun fi shafar masu Hilux da ire-irenta. A Ostireliya an sha ganin a-kori-kura mai ƙofa huɗu ta lanƙwashe shasi daidai tsakanin kai da bodi. Sifirin falle-falle yana raba nauyi a wuri biyu, gaban aksul da bayansa. Jakar da aka cika tam tana tattara shi wuri guda, inda shasin ba don haka aka yi shi ba. Ka haɗa da kaya masu nauyi a can ƙarshen bodi, da tirela, da gudu a hanyar burji mai kwari da tudu, shasin ya karye a kan jakar kamar kara a gwiwa. Shi ya sa masu yin jakar waɗannan motoci sukan ba da iyakar iska ƙasa da abin da robar za ta iya jurewa. Iyakar da aka rubuta wa motarka ita za ka bi.

Na biyu, tsofaffin Hilux da Land Cruiser marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, suna da wani bawul na birki a baya, mai sanda da ke haɗe da aksul. Idan baya ya zauna, sai ya gane an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Jaka ta ɗaga motar, bawul ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Mai irin wannan mota ya tambayi makanike kafin ya saya, kuma tirelar da ta haura kilo 750 ta zo da birkinta.

Jaka ba ta maye gurbin shokozoba. Idan shokozoba ta mutu, ƙarin iska ƙarin lilo ne kawai. Sifirin da falle ɗaya ya karye ko ya kwanta, canji yake so. Ranar da za a ɗaga motar ta shasi don aikin ƙasa, a fara rage iskar zuwa mafi ƙanƙanta, a kuma tokare aksul, kada a bar shi ya rataya a wuyan jakar.