Da madubin hangen nesa zuwa Tawa

Tun kafin kiran assalatu kar ɗin Tawa ta tashi daga Yamai, ni kuwa ina rungume da wani dogon kwali da na ƙi yarda karen mota ya cusa shi ƙarƙashin mota tare da buhunan shinkafa. Ɗan madubin hangen nesa ne a ciki, da matacin hasken da ake rufe bakinsa da shi idan za a dubi rana. Wani abokina da ke koyar da fizik a wata lise ta Tawa ne ya daɗe yana roƙona in kawo wa ɗalibansa, sai a wannan hunturu Allah ya nufa.

Kure muka wuce cikin duhu, ko inuwar raƙumin dawa ban gani ba. A wani shinge bayan Doso jandarma ya ce in buɗe kwalin, kuma ban ga laifinsa ba, don doguwar bututu a wannan zamani abin tambaya ce. Ya leƙa, ya juya ta, ya ce, "Malam, ana ganin watan azumi da wannan?" Na ce ana gani, in hazo ya bari. Ya yi dariya ya ce mu wuce. Daga nan sai jajayen duwatsun Dogon Dutsi, sai Ƙonni inda muka yi azahar na sayi kilishi, sai Tsarnawa inda mota ta karkata arewa. Kilomita wajen 550 ne, mun shiga Tawa gab da la'asar, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙura.

Washegari da hantsi na kafa madubin a filin lise. Kafin kowa ya matso na sa suka maimaita da bakinsu cewa wanda ya dubi rana ta madubi babu mataci, idonsa ya tafi ke nan. Sannan suka jeru. Abin da ke ciki faifai ne mai ruwan lemo, da wasu baƙaƙen ɗigo kusa da gefensa. Wata yarinya ta ɗago ta ce, "Mushe, madubinka ya yi datti." Na ce ta jira. Na ɗan juya bututun, faifan ya matsa, ɗigon suka bi shi. Ta yi shiru, ta sake leƙawa.

Waɗannan tabo wurare ne da ƙarfin maganaɗisu ya taru ya hana zafin cikin rana tasowa, shi ya sa suka fi kewayensu sanyi har suke bayyana baƙaƙe, kuma wasunsu sun fi duniyarmu faɗi. Suna yawaita suna raguwa cikin zagaye na shekara 11, kuma a Oktoban 2024 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce zagayen yanzu ya kai ƙololuwa. A Mayun 2024 ne rana ta watso guguwar da ba a ga irinta ba tun 2003, har GPS na taraktocin manoma a Amurka ya rikice suna tsakiyar shuka. Yaran sun fi jin wannan, don kowannensu ya san abin da ɓata lokacin shuka ke nufi.

Amma hirar da ta fi tsaya mini a rai a gidan kawuna aka yi ta, bayan isha'i, ana dafa shayi ana gutsurar cuku. Tsohon falke ne, ya yi yawo. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce shi ma ya taɓa ganin abin mamaki a rana, a Maraɗi, shekarar da ta yi husufi. Ranar 29 ga Maris 2006 yake nufi, lokacin da inuwar wata ta taso daga Gana ta ratsa Najeriya ta shigo ƙasarmu ta nufi Bilma da Libiya. Ya ce da hantsi gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka yi ta salati. "Amma ɗana, abin da ban manta ba, wani farin haske ne da ya kewaye baƙin faifan, yana da gashi-gashi. Mene ne shi?"

Na ce, "Kawu, rawanin rana ka gani, wato iskarta ta can waje. Kullum yana nan, hasken fuskarta ne ke ɓoye shi." Sai na tambaye shi, wanda ke bakin murhun nan da wanda ke bakin zaure, wa ya fi jin wuta? Ya ce tambayar yara ce. Na ce to a rana abin a juye yake. Fuskarta digiri wajen 5,500 ce, amma rawanin da ke nesa da ita ya haura digiri miliyan ɗaya. Tun wajen 1940 masana suka gano haka, har yau ba su gama sasantawa kan dalili ba.

Ya ajiye kofi ya ce, "Wa ya je ya auna?"

Da farko daga launin hasken aka gane, amma yanzu an je ɗin. A Agustan 2018 aka harba wani kumbo da aka sa wa sunan Eugene Parker, masanin da tun 1958 ya ce akwai iska mai kwarara daga rana ba dare ba rana, aka yi ta musanta shi kafin awo ya gaskata shi. A 2021 kumbon ya kutsa cikin rawanin, ranar 24 ga Disamban 2024 kuma ya matsa har kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, yana gudun kilomita wajen 690,000 a awa, ɓoye a bayan wata garkuwa da kaurinta bai kai santimita 12 ba. Ya tarar da layukan maganaɗisu suna lanƙwashewa su dawo baya farat ɗaya sannan su miƙe. Wani kumbon na Turai, Solar Orbiter, ya ɗauko hotunan ƙananan tartsatsi birjik a jikin rana a 2020. Masana na zargin abu biyu ke hura wutar, ko waɗannan ƙananan fashe-fashe marasa ƙidayuwa, ko igiyoyin da ke bin layukan maganaɗisu suna kai ƙarfi sama. Ni dai a ganina ba lalle ɗaya ya kayar da ɗaya ba.

Kawu ya ce ashe Nasara ma akwai abin da ya gagare su. Na tuna masa cewa ba su kaɗai suka tsaya wa rana ba. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, rayuwarsa ya ƙarar kan makamashin rana, shi ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro ya gama lise a ƙasa mai yawan rana da sarari irin tamu, bai taɓa ɗora ido a madubi ba.

Dare ya yi nisa hazo ya ɗan kwanta, jikoki suka fito da ni tsakar gida. Na nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, wadda haskenta ya yi shekara sama da 400 a hanya kafin ya iso Adar, da jan tauraron nan Betelgeuse da ya dushe a ƙarshen 2019 har aka zaci zai fashe, ashe ƙurar da ya fesar ce ta tare shi. Babban cikinsu ya tambayi ko gaskiya ne an ga masu rai a wata duniya, ya gani a Facebook. K2-18b yake nufi, wata duniya da ke kewaya wani tauraro mai nisa. Duniyoyin da ke kewaya wasu taurari an tabbatar da 6,000 zuwa 2025, alhali ta farko a gefen tauraro irin ranarmu sai 1995 aka gano ta. A K2-18b ɗin madubin James Webb da ke sararin samaniya ya shinshino alamar wata iska da a nan ƙananan halittun teku ke fitarwa, wasu masana suka sake duba awon suka ce alamar ba ta da ƙarfi. Na ce masa kada ya yarda tukuna.

Kawu duk wannan bai dame shi ba, hankalinsa na kan rawani. Da zan kwanta ya kira ni ya ce yaushe za a sake. Na ce ranar 2 ga Agustan 2027, amma a Tawa wani ɓangare kawai zai rufe, cikakken zai bi ta Maroko da Libiya da Masar, inda zai wuce minti shida a Luksor, sannan ya haye Jidda da Makka.

"Makka?" Ya gyara zama. "Rubuta mini ranar a takarda, da manyan baƙi. Dama ina da niyyar umra."