Rabinmu a ɗaki, rabinmu a waya

Tun 2020 da korona ta zaunar da kowa a gida muka saba yin mitin ta Zoom a wurin aikinmu, kuma lafiya lau aka yi ta tafiya. Rigimar ta fara ne da aka dawo ofis, wasu suna zaune a ɗaki ɗaya wasu na shigowa ta waya, ni ina cikin na waya.

Duk mai amfani da Zoom na kyauta ya san minti 40 ne kira ya tsinke. To ranar ana tsakiyar maganar yadda za a raba aikin rahoto sai kiran ya mutu, muka yi ta jira a turo sabon linki shiru, muka ɗauka an tashi. Ashe su na ɗaki sun ci gaba da zancensu har sun canza tsarin gaba ɗaya kuma babu wanda ya tuna ya faɗa mana. Ni da abokiyar aikina muka duƙufa kan tsohon tsari ba dare ba rana, sai da muka kawo aikin aka ce ai an bar wannan tuni. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ba da gangan suka yi ba, mantawa da mu kawai aka yi, kuma wannan ɗin ne ya fi min ciwo.

Da na yi magana wani ya ce wai sun ɗauka mun ji. Mu ji ta ina?

Na dage sai da aka sa ƙa'ida. Duk abin da aka yanke a rubuta shi a guruf ɗin WhatsApp kafin kowa ya miƙe, da sunan mai yi da ranar kawowa, banda saƙon murya don ba ya nemuwa in ka zo bincike. In kira ya tsinke mitin ya tsaya cak. Kuma na waya ake fara jin ta bakinsu, domin wanda ke ɗaki ido kawai zai haɗa da shugaba a ba shi dama, kai kuwa sai ka buɗe makirufo, sabis ya ja, kafin muryarka ta isa an wuce wurin. Ajiye laftof ɗaya a tsakiyar tebur ma an daina, kowa ya shiga da wayarsa ya sa abin kunne.

Mun koma Google Meet mai ba da awa ɗaya, amma ni dai ko an yi sallama ba na fita sai na ga rubutun nan ya shigo guruf.