Wai Ina Latsa Waya

Talata, ranar awo. Na fita cikin nishaɗi, don jiya Abban Auta ya sayo mini sabuwar caja, wayata cike taf. Mata sun cika benci tun kafin takwas. Maman Tagwaye har da ƙosai ta kawo mana, mai zafi.

Wajen sha ɗaya aka shigo da wata yarinya a adaidaita, cikin fari ne, wata tara. Ƙafa ta kumbura har silifas ya ƙi shiga, kai na sara mata, tana cewa tana ganin walƙiya-walƙiya. Na gwada jininta, 170 bisa 110. Na sake gwadawa, bai sauka ba. Duk wadda ta yi aikin ɗakin haihuwa ta san jijjiga ce ke bakin ƙofa.

Sista babba ta tafi taro, daga ni sai ɗaliba. Magnesium, maganin da ke hana jijjiga, muna da shi a kabad, mai kashi 50 cikin ɗari. Na san giram 4 ne ta jijiya, sannan giram 5 a kowane ɓangare na mazaunai. Sirkin ne ya tsaya mini a rai, don rabon da in haɗa shi da hannuna an fi wata takwas. Sai na zaro waya na buɗe Safe Delivery, manhajar da ke nuna wa ma'aikatan ɗakin haihuwa matakan aiki. Ko minti ɗaya ban yi ba na tabbatar: mil 8 na magani, mil 12 na ruwan allura, a tura a hankali.

Ashe uwar mijin tana tsaye a bayana.

"Sista, yarinya na mutuwa ke kina latsa waya?"

"Hajiya, magani nake dubawa."

"A waya? To me kuka karanto a makarantar? Ni haihuwata goma sha ɗaya, duk a ɗaka. Ungozomar garinmu ko bihim ba ta sani ba a boko, ban taɓa ganin ta tambayi kowa ba."

Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Na so in tambaye ta mata nawa aka ce iska ta buge su a garin nasu suna tsaka da naƙuda, aka yi ta hayaƙi har rai ya yi halinsa. Amma ta haife ni, kuma tsoro ne ya sa ta magana, na gani a hannunta da ke rawa a kan carbi. Na yi allurata, na ƙirga numfashi, na buga gwiwa na ga tana amsawa, alamar maganin bai yi mata yawa ba, na rubuta takarda aka wuce da su babban asibiti. Hajiya ko sallama.

Tun daga nan maganar ta ƙi sakina. Da littafi na ɗauko mai kauri na buɗe a gabanta, wallahi cewa za ta yi Sista mai ilimi ce. Da yake waya ce, sai na zama 'yar TikTok. Kuma ban ga laifinta gaba ɗaya ba, Allah kaɗai ya san sau nawa ta zauna a layin asibiti tana kallon ma'aikaciya na dariya da waya.

Manhajar nan wata ƙungiya ce ta Denmark, Maternity Foundation, ta fito da ita a 2015, bisa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. In ka sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman data, abin da ya sa take mana amfani ke nan a inda sabis sai an hau tudu. Zubar jini bayan haihuwa, mabiyiya da ta ƙi faɗowa, jaririn da bai yi numfashi ba, duk akwai su da hoto mai motsi. A wurin bita an koya mana yadda ake latsa ta. Ba wanda ya koya mana yadda za mu yi da idon dangi.

Abin da ya fi ci mini rai ba maganar Hajiya ba ce. Kunyar da na ji ce. Na kama kaina ina cewa gobe in aka kawo irin wannan ba zan fito da waya ba, zan yi da ka. Magnesium kuwa ba abin yi da ka ba ne, in ya yi yawa numfashi yake tsayarwa. Kafin in tashi na yagi kwalin safar hannu na rubuta sirkin da maka, na manna a cikin murfin kabad, inda sai mai buɗewa zai gani. Ɗaliba tana kallona ba ta ce komai ba.

Wuta har yanzu shiru. Oxytocin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, na cikin kula, ƙanƙarar ta kusa zama ruwa.

Yarinyar ban ji labarinta ba, lambar da mijin ya bari a kashe take.

Da daddare Auta ya ɗauke wayar yana neman katun, ya faɗa kan bidiyon farfaɗo da jariri. Ya kalla har sau biyu, sannan ya ce, "Umma, me ya sa wannan jaririn ba ya kuka?"