Ranar da kirafi ya ƙi cin koto

Asabar ɗin ƙarshe ta watan Maris ce. Tun da asuba na bar Dalas na miƙi hanyar gabas zuwa tafkin Fork, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba. Kwana uku kafin nan wani abokin aikina ya nuna mini hoto a waya, kifi jere reras a kan katako, ya ce a bakin gaɓa ya kwashe su, ruwa bai kai ƙugu ba. Ranar Alhamis da dare kuma sai iska mai sanyi ta sauko daga arewa. Da na isa, sama ta wanke tas, ko ɗigon gajimare babu. Wanda ya daɗe yana fatsa a Tekzas, in ya ga irin wannan safiya gabansa ne ke faɗuwa. Ni a lokacin murna na yi, wai na dace da rana mai kyau.

Ga wanda bai san shi ba, kirafi, wato crappie a bakin Amurkawa, kifi ne na tafkuna da kogunan Arewacin Amurka, mai faɗi kamar tafin hannu. Iri biyu ne. Baƙin yana da ɗigo-ɗigo barkatai da ƙaya 7 ko 8 a gadon baya, farin kuma zane-zane ne a tsaye da ƙaya 5 ko 6. Mutanen Luwiziyana suna ce masa sac-a-lait. Ba wani ƙaton kifi ba ne: farin da ya fi kowane nauyi a tarihi, wanda aka kama a madatsar Enid ta jihar Misisifi a 1957, laba 5 da oza 3 ne kacal. Amma yana tafiya garke-garke, in ka dace da ɗaya to akwai 'yan'uwansa a kusa. Idan ruwa ya doshi digiri 60 a ma'aunin Farenhait sukan hauro gaɓa don yin ƙwai, lokacin ne kowa ke zama gwani. Sanyi na sake bugowa sai su ja da baya zuwa gangaren farko mai ɗan zurfi, su lafe a jikin itace, su rufe baki.

Awa huɗu na yi a bakin gaɓar nan ina jifa. Na sa jig mai ruwan ɗorawa, na cire na sa fari, na koma baƙi da kore, har wani mai ruwan hoda da na saya ban taɓa buɗewa ba. Jig ɗin nan ƙugiya ce mai kan dalma da 'yar jelar roba ko gashi, kuma akwatina cike yake da su. Ko taɓawa ba a yi ba. Kifi na ganinka mai jar koma.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na haƙura na tuƙa zuwa ƙarƙashin gada don in sha inuwa. A nan na tarar da wani dattijo a ƙaramin kwale-kwalen gorar ruwa, ya ɗaure shi a jikin ginshiƙi, sandar fatsa ɗaya tak a hannunsa, ko motsi ba ya yi. Ina kallo ya ɗaga hannu a hankali, sai ga kifi. Bayan ɗan lokaci ya sake. Na matsa na gaishe shi.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Wane launi suke so yau?"

Ko kallon akwatina bai yi ba. Ya ce, "Yaro, ƙafa nawa kake sakewa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"To ai ba ka fara ba. Suna ƙafa 14. Ka tsaya a 12."

Wannan ƙafa biyun da ya rage, ita ce duk karatun. Idanun kirafi a can sama suke a kansa, abin da ke bisansa yake gani, kuma daga ƙasa yake tasowa ya haɗiye. Koto in ya wuce shi ya yi ƙasa, kamar ka ajiye wa mutum abu a bayan ƙeya ne. Ranar da yunwa ke cinsu za su biyo koto daga nesa, su rufa wa kuskurenka asiri. Ranar da suka yi sanyi kuwa, sai ka kai musu shi daidai saman hanci, ka kuma bar shi a wurin. Tun daga ranar, in su ya yi wuya, zurfi nake fara canzawa kafin in taɓa launi. Ina sakin zare har ƙasa, in naɗo ƙafa ɗaya in dakata, in ƙara naɗo ɗaya in dakata, har in ji inda aka taɓa. Sai in yi wa zaren alama da ɗan ƙulli ko tawada, in riƙa komawa daidai nan. In jifa nake yi daga nesa, ƙirge nake yi bayan jig ya faɗa ruwa. Mai nauyin 1/16 na oza yakan nutse kamar ƙafa ɗaya a daƙiƙa, don haka in an ci a ƙirga ta takwas, takwas ɗin zan riƙe.

Abu na biyu da na gani a hannun dattijon shi ne rashin motsi. Ni na saba girgiza sanda kamar mai kaɗa kuge. Shi kuwa riƙewa kawai yake yi, ɗan rawar hannunsa da kaɗawar ruwa sun isa su sa jelar ta yi rai. Ya sa na sauko daga 1/16 zuwa 1/32, wanda ke nutsewa a hankali ya daɗe a gaban kifin, da siririn zare mai ɗaukar laba 4. Cin ma a irin wannan rana ba fizga ba ne. Wani lokaci ɗan "tik" za ka ji a yatsa. Wani lokaci ba ka jin komai, sai dai ka ga zaren da ke miƙe ya yi laushi, domin kifin ya ɗauko koton daga ƙasa ya taso da shi. Mai amfani da boba, ɗan ƙwallon nan da ke yawo a saman ruwa, zai ga ta kwanta a gefe maimakon ta nutse. Sau nawa na ga haka a baya na ɗauka iska ce, Allah kaɗai ya sani.

Kuma kada ka fizge da ƙarfi. Fatar bakinsa kamar takarda take, har sunan tsokana Amurkawa suka yi masa a kan haka. Ɗaga sanda kawai za ka yi. Na farkon da na samu ran nan, a bakin kwale-kwale na yage masa baki ya koma, dattijo ya yi dariya har da tari.

Ban ce launi ba ya aiki ba. A ruwa mai laka mai haske ko baƙi ƙirin ya fi fitowa, a ruwa garau kuma wanda ya yi kama da ƙananan kifi. Amma kamfanonin da ke sayar da launi ɗari sun fi kifin damuwa da shi. In jig ya gaza gaba ɗaya, ɗan kifi mai rai da aka soka ta leɓe ko ta bayan ƙaya yakan buɗe bakin da ya ƙi buɗuwa, wani lokaci ma a maƙala shi a jikin jig ɗin.

Da zafi ya shigo, Yuli zuwa Agusta, matsalar takan sake kama. Ruwan tafki yakan rabu: na sama da ɗumi, na can ƙasa da sanyi amma iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa, kifi ba ya zama a nan. Sai su rataye a tsakiya, sama da wannan iyaka, a jikin ginshiƙan gada ko tsayayyun itatuwan da ruwa ya cinye, waɗanda Fork ke cike da su tun da aka tare shi a 1980. Inuwa nake bi a lokacin, ko in jira dare in saka koriyar fitila a ruwa. Haske na tara ƙananan halittu, su kuma su jawo ƙananan kifi, kirafi ya zo ya tsaya a gefen hasken, daga ƙasa. In minti ashirin ta wuce a itace ɗaya na gwada zurfi daban-daban ba labari, gaba nake yi.

Yanzu jiragen masu fatsa da yawa na ɗauke da LiveScope, na'urar da kamfanin Garmin ya fitar a 2018, mai nuna kifi yana motsi a allo kamar talabijin. Na taɓa shiga jirgin wani mai ita. Abin mamaki ne, ba musu, amma abin da na gani a allon shi ne maganar dattijo: jig ya wuce ƙasa, kifi ko juyawa ba ya yi, a ɗago shi sama da kansa a tsayar, sai ka ga ya taso a hankali. Ban saya ba tukuna, kuɗinta ya fi na kwale-kwalena.

Dokar Tekzas ita ce kirafi 25 a rana, kowanne ya kai inci 10. A Fork daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu babu zancen tsawo, duk wanda ka kama dole ka riƙe shi cikin 25 ɗin, saboda wanda aka ciro daga zurfi a lokacin sanyi ba kasafai yake rayuwa ba in an mayar. Ran nan dai a Maris muke, don haka na auna. Tsakanin azahar da la'asar na kama tara a ginshiƙin da ke kusa da na dattijo, biyu ba su kai ba na mayar da su. Shi tuni ya kwance igiyarsa ya tafi, ban ma tambayi sunansa ba. Jig ɗin da na kama su duka da shi, mai ruwan ɗorawa ne, launin nan da na fara cirewa da safe.