Abin da kifin roba ya koya min a dam ɗin Sabke

Shekara biyu kenan ina bin wani dattijo masunci, Baba nake ce masa, zuwa dam ɗin Sabke nan ƙasar Daura, ni dai da fatsa da tana na saba kamar kowa. Bara yayana da ke aiki a Legas ya aiko min da kifin roba guda uku irin wanda ake ce ma jakbet, na kamfanin Rapala, haɗe da sanda mai injin naɗe zare. Siriri ne, tsawonsa santimita 10, yana da ɗan leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa in ka ja, ga ƙugiya mai baki uku har biyu a jikinsa.

Wallahi sati uku ina jefawa ina naɗewa, ina jefawa ina naɗewa, ko taɓawa babu, har raina ya fara ɓaci. Baba dai yana gefe yana ɗinkin komarsa bai ce komai ba, sai ran nan ya ɗago ya ce "ɗana, ka taɓa ganin kifi mai ciwo yana tafiya a miƙe?" Shi fa bai taɓa riƙe irin wannan kaya ba, amma ya san kifi. Toh nan na gane ashe ba jansa ake yi ba, fizga ake yi. Ka sunkuyar da bakin sanda wajen ruwa, ka fizga sau biyu, ka saki zaren ya yi sako-sako, sai robar ta karkata nan ta karkata can ta tsaya cak a tsakiyar ruwa kamar ƙaramin kifin da ya jigata. Tsayawar nan ita ce aikin gaba ɗaya, kuma ita ta fi wuya don hannu ƙaiƙayi yake yi. Da hunturu da ruwa ya yi sanyi kifi ba ya son wahala, sai na ƙirga har goma kafin in sake fizga. Tarwadar da na fara kamawa da shi ina kan ƙirga bakwai na ji zaren ya yi nauyi, har yau ina tuna yadda ƙirjina ya buga.

Sai maganar zare, nan ma na sha wuya. Da farko mai kaurin nan na tarwada na ɗaura, ashe shi ke hana robar rawa kuma ba ta nutsewa sosai. Da na koma siriri, milimita 0.28, na yi ƙulli mai ɗan zobe yadda hancin robar zai samu wurin juyawa, abin ya canza. Sanda kuma kar ta wuce mita biyu, doguwa bakinta dukan ruwa yake yi ga gajiyar da wuyan hannu. Kuma don Allah a riƙa tafiya da fulaya, ƙugiya mai baki uku ba a cire ta da yatsa alhali tarwada na bille-bille.

Gaskiya kuma ba kullum yake aiki ba. Da damina in ruwa ya dagule ya yi ja kifi ba ya ganinsa, tarwada ma da gashin bakinta take laluben abinci, lokacin tana ta fi komai, sai in nannaɗe robar a tsumma in ajiye. Ɗaya ta maƙale a kututture ƙarƙashin ruwa ta tafi, saura biyu yanzu, kuma ranar Juma'ar da ta wuce Baba da kansa ya ce in ara masa ɗaya ya gwada.