Gonar kakana babu inuwa

Shekaranjiya na leƙa gonar kakana a ƙauyenmu, can arewacin Katsina, na rasa inda zan tsugunna. Ɗorawoyi uku da muka taso muna shan inuwarsu an sare, marken bakin hanya ma ya tafi gawayi. Da azahar na cire takalmi don in yi alwala, wallahi yashin ya ƙona mini tafin ƙafa. A da, ƙarƙashin ɗorawar nan har sanyi-sanyi ake ji, saboda bishiya tana tare rana, kuma ganyenta na fitar da danshin da saiwa ta jawo, ya sanyaya iskar wurin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗanda suka gaji filin. Gamba da muke yanka don zana ta ja baya, tumfafiya da ƙarangiya sun mamaye ko'ina, su da zafi da ƙasar da ta gaji ba sa damunsu. Jemagun da ke zuwa furen ɗorawa da dare sun daina zuwa, amyar zuman kawuna ma babu kowa a ciki.

Na ce wa kawu, "Baba, a Maraɗi da Damagaram manoma sun dawo da miliyoyin bishiyoyi ta hanyar sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma." Ya yi shiru, sannan ya nuna mini wani ɗan gawo da ya tofo a gefen kunya. Mun kewaye shi da ƙaya kafin magariba.