Saura ƙiris in sayar da ita

Yau da hantsi na sa kwamfutata a jaka zan kai ta kasuwa. Sai in kunna ta, in je in yi alwala, in dawo ba ta gama farkawa ba, fankarta sai gurnani cikin zafin Sakkwato. Ɗan yayata ya danna Ctrl, Shift da Esc, sai ga Task Manager, shafin da ke nuna abin da ke aiki a kwamfuta: tarin manhajojin da ban taɓa buɗewa ba suna aiki a ɓoye, suna cinye ɗan RAM ɗinta mai 4GB, wato ma'adanar da take riƙe aikin da take kan yi. Ya kashe su ɗaya bayan ɗaya, ya bar na tsaro. "Kawu, ba tsuhwa tay yi ba, kaya na sunka yi mata yawa."

Da ita na rubuta kundin digirina. Har yanzu ina jin nauyin cewa na yi mata kuɗi a zuciyata.